Ranar da Na Busa Tulun Tawada

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da na haddace, ba na jin zan taɓa mantawa da wani hantsi na bazara a gidanmu na Wagini, cikin ƙasar Batsari, zamanin mulkin Turawa, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun komo daga yaƙin Bama. A lokacin na ɗan haura shekara talatin, na dawo daga neman ilmi a Katsina, na kafa zauren karatu, gemuna ya fara cika, kuma ina ganin kaina fiye da yadda nake (wannan ciwo ne da ke kama mai ƙaramin sani, Allah ya yaye mana shi).

Kafin in kai ga ranar, wajibi ne in gabatar muku da mutum biyu.

Ta farko ita ce ɗiyata ta fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa a gaban mutane, uwa ma haka. Kunya ke nan da muka gada, ni kuwa na riƙe ta riƙon da ya wuce na kowa, domin na gauraya ta da taƙamar malanta. Da aka yaye yarinyar, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. A can take ci, a can take kwana. In na ratsa tsakar gida na iske ta tana wasan ƙasa, sai in ɗauke kai kamar na ga ɗiyar maƙwabta, ko da yake Allah ya sani ina bin ta da wutsiyar ido har in shige.

Na biyu shi ne Kawu Barau, ƙanen Inna, wanda ke zaune tare da mu. Shi ne ya je yaƙin, ya komo da ɗingishi da labarai masu yawa. Sana'arsa yankan gwangwani da garwa, ya yi fitilar aci-balbal da mazurari da moɗa, ya kai kasuwar Batsari. Amma zuciyarsa tana wani wuri. A wani sansani a ƙasar Indiya, in ji shi, ya haɗu da sojoji baƙar fata daga Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu. Suka ba shi labarin cewa iyayensu, da ba su da halin mallakar kayan kiɗan Turawa, sai suka waiwayi kayan gida. Wannan ya ɗauki allon wanki yana karta, wancan ya ɗaura tsirkiya a gindin baho, wani ya haɗa cokula biyu, babbansu kuwa shi ne mai busa tulu, wanda sautinsa ke riƙe da sauran kamar yadda ginshiƙi ke riƙe da soro. (Ni dai ban gani ba. Yadda ya faɗa mini na faɗa muku, Allah ne masani.) Kawu ya ce tun da ya ji haka ya tabbata 'yan'uwanmu ne, domin abin da yaran Wagini ke yi ke nan a gona.

Bai yi ƙarya ba. Muna yara, in aka tura mu korar tsuntsaye daga gero, mukan yi sarewa da karan dawa, mu yi gurmi da duma, mu kife ƙwarya mu mai da ita ganga. Mai busa tulu kuwa a cikinmu, sai ku yi mini afuwa, ni ne. Nakan haɗa leɓɓa in sa su rawa a bakin tulun, sai ka ji wani gunji ya fito wanda har shanun Fulani kan ɗaga kai.

Da Kawu ya komo, ya huda gindin garwar kananzir, ya zura tsirkiya, ya ɗaure ta a kan gora, in ya taɓa sai ta ce dum. Ya kuma samu wani guntun kwano mai kwari-kwari yana kartarsa da ƙusa. Na iske shi wata rana, na tsaya a kansa da fuskar da ta dace.

"Kawu, gidan nan fa ana karatu a cikinsa."

"Na sani, ɗan nan. Mai tulu kaɗai ya rage mani. Kai ko ka iya tun kana yawo ba wando."

"Wancan zamanin jahilci ne."

"To jahilcin naka ya fi daɗin saurare," in ji shi. Amma ya kwashe kayansa ya mai da su bayan rumbu, domin mutum ne mai kara.

Cikin rani Allah ya karɓi ran Inna. Yarinyar, tana da kamar shekara huɗu, ta komo ɗakin uwarta, wurin mutum biyu da suka haife ta amma ba su san yadda ake rarrashinta ba. Ba a daɗe ba ƙyanda ta shigo gari, ta kama ta. Ƙurajen suka fito, suka bushe, zazzaɓin ya sauka, sai dai bakin ya ƙi buɗuwa. An gwada koko, an gwada nono, an gwada zuma, na yi rubutu an wanke. Duk abin da aka kai bakinta sai ta juya fuska ga bango. Wuyanta ya koma kamar sillen kara. Ɗakin shan magani yana da nisa, ita kuwa ba ta da ƙarfin da za a aza ta a kan jaki. Na kuma san abin da ke biyo bayan irin wannan, domin a bazarar nan ni na sallaci yara da dama.

Ran nan da hantsi an shimfiɗe ta a ƙarƙashin rumfa. Mai ɗakina na zaune da ƙoƙon kunu da ludayi, ta gaji da roƙo. Ni ina tsaye daga nesa, ina yi kamar ina duba danga. Kawu na bayan rumbu, ya taɓa tsirkiyar garwarsa sau ɗaya, ina jin ba da niyya ba. Sai yarinyar ta buɗe ido.

"Kawu, ƙara," in ji mai ɗakina.

Ya jawo garwar ya matso, ya ƙara. Yarinyar ta motsa leɓe. Uwarta ta kai kunne, ta saurara, sa'an nan ta sunkuyar da kai ta ƙi dubana.

Na ce, "Me ta ce?"

"Malam, cewa ta yi Inna ta gaya mata Baba ya iya sa tulu ya yi kukan bijimi."

Ashe duk shekarun da nake ɗauke kai, Inna na can ɗaki tana ba ta labarina. Na tsaya ina jujjuya mas'alar a kaina, ina jero abin da malamai suka faɗa a kan bushe-bushe, ina auna matsayin uba da ɗiyar fari. Kawu ya dube ni ya ce, a hankali, "Za ka gama fatawar nan, ko sai mun haƙa rami?"

Na baro dangar. Na nufi tulun ruwa, bakinsa ya yi faɗi. Na ɗauki butar alwala, nata ya yi ƙanƙanta. Sai na tuna da ɗan tulun da nake ajiye tawada, wadda nake haɗawa da kaina da gawayi da ƙaro. Bakinsa daidai, cikinsa mai zurfi. Na juye tawadar a ƙoƙo, ban tsaya ɗauraye tulun ba, na zo na tsuguna a gaban ɗiyata, kusancin da ban taɓa yi da ita ba tun ranar suna.

Busar farko ta fito da wani sauti da ba a ambatarsa a gaban manya. Kawu ya ce, "Ilmi ya ɓata ka." Na sake. A ta uku leɓɓana suka tuna abin da kaina ya mance, gunjin nan ya fito, har na ji shi a ƙirjina. Kawu ya bi ni da garwa. Idon yarinyar ya tsaya a kaina.

Mai ɗakina ta ɗaga mini hannu, na tsaya. Ta ce da yarinyar, "In kin kurɓa, bijimi zai sake kuka."

Yarinyar ta dubi ludayin, ta dube ni. Ta buɗe baki, ta kurɓa.

Haka muka yi ta yi, kurɓa ɗaya, kuka ɗaya. Na danna bakina a bakin tulun ina busa iyakar ƙarfina, gumi na zuba, na mance da ni wane ne. Kunun ya kusa kai rabi sai na jiyo sallama daga zaure, kuma daga jin yadda aka ɗaga ta, ba ta farko ba ce.

Na gane muryar nan take. Malamina ne na Safana, wanda ya fara ɗora ni a kan fikihu tun kafin in tafi Katsina, kuma a gabansa na karanta babin da ya yi magana a kan kayan kiɗa. Ya ji labarin rashin lafiyar yarinyar, ya hawo jakinsa ya zo dubiya duk da tsufansa. Sarkin Fawan garinmu ya gamu da shi a bakin rijiya, ya rako shi.

Na ajiye tulun kamar garwashi. Na zura riga, na naɗa rawani, har na tsaya na gyara zamansa. Mai ɗakina ta ce, "Malam, tsaya," na ce mata ba a barin malami a tsaye. Da na ja amawali na rufe baki da asirina ya rufu, amma ba a gaida malami da rufaffen baki.

Na shiga zaure na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da zuwa. An sha hanya."

"Barka kadai. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. Ina gajiya? Yaya mutanen Safana?"

"Suna gaishe ka. Yaya zafin nan? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Yaya kuma haƙurin Inna?"

Muka yi ta jan gaisuwa yadda ya kamata. Sai dai na lura Malam ya dube ni sau ɗaya, daga nan ya mai da idonsa kan tasbaharsa bai ƙara ɗagowa ba. Sarkin Fawa kuwa ya kafa ido a kan azarar zaure, kafaɗunsa na rawa, yana ta tari. Har sannu na yi masa, na ce ya nemi zuma da citta.

Da tarin ya lafa sai ya ce mini, "Malam, tun daga bakin rijiya muke jin gunji. Na ce wa Malam, duk wanda ke da bijimin nan ya sallama mani, zai yi nama."

A nan ne ya kamata in yi shiru. Maimakon haka na gyara zama, na yi ajiyar zuciya irin ta mutumin da aka jarraba da dangi, na ce, "Kawuna ne da tarkacensa."

(Na gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, tun da Kawu na wurin, garwar ma tasa ce. Mai ƙaramin sani ba ya rasa ƙofar fita.)

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ga dama ce ta nuna wa malamina karatun Katsina. Na shiga bayani a kan haƙuri da ɗan'uwan mahaifiya, musamman wanda yaƙi ya taɓa. Daga nan na gangara kan hukuncin kayan kiɗa, na kawo saɓanin malamai a kan abin da ake bugawa ranar aure, na jawo Larabci na fassara. Na rufe da cewa duk a cikinsu busa ce ta fi muni, domin tana ɓata kamalar fuska, kuma ba ta dace da mai mutunci ba. Malam na jan tasbaha yana cewa, "Na'am. To. Haka ka karanta." Sarkin Fawa ya cusa bakin rigarsa a baki.

Ku da ba ku san irin zamanmu ba za ku ce me ya hana su gaya mini. Kara ce. Baƙo ba ya nuna wa mai gida aibin da ke fuskarsa, babba kuma ba ya kunyata ɗalibinsa a gaban wani. Sun gwammace su zauna su sha wa'azina har ƙarshe.

Ina cikin neman wata hujjar sai na ji takun ɗingishi. Kawu ya shigo rungume da tulun, ya rusuna ya gai da Malam, sa'an nan ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, ta rufe baki. Tun da ka fito ba ta ƙara kurɓa ba. Na gwada busawa, ta ce wannan ba bijimin ba ne, na Baba take so."

Na ɗaga kai domin in harare shi. Sai na ga bakinsa. Wani baƙin zobe ya kewaye shi, tun daga ƙarƙashin hanci har haɓa, yana ƙyalli saboda ƙaro. Abin da ya fara zo mini shi ne, dubi yadda dattijo ya mai da kansa. Sa'an nan na tuna shi busa ɗaya ko biyu ya yi. Hannuna ya tashi da kansa ya shafi bakina. Na duba yatsuna, baƙi ƙirin. Na shafi gemu, ya manne.

Sarkin Fawa ya miƙe, ya ce zai duba ko an ɗaure jakin Malam da kyau. Muna jin dariyarsa ta bayan katanga.

Ban san yadda zan sifanta muku halin da na shiga ba. An kama ni da busa, an kama ni da ɗora wa kawuna, kuma abin da ya fi ƙona ni a lokacin, an kama ni ina yi wa ɗiyar fari wasa. Na sunkuya ina kallon tabarma, ina fatan ta naɗe ni.

Malam ya ajiye tasbaha.

"Ta farin ce?"

"Ita ce, Allah gafarta Malam."

"In ka busa tana sha?"

"Tana sha."

"To zaman me kake yi da mu?"

Na ce, "Sai na raka Malam tukuna." Nufina su yi nisa kafin in koma.

"Muna nan," in ji shi. "Ba mu yi mata addu'a ba. Tashi, kada kunun ya huce."

Na karɓi tulun daga hannun Kawu, na shiga gida. Tsakanin rumfar nan da zaure ba abin da ya raba sai zana da 'yar katanga, ko tari aka yi sai an ji. Na tsuguna. Yarinyar ta juya fuska ga bango, uwarta na riƙe da ludayi, idonta ya cika. Na kai tulun baki, na busa, malamina na saurare.

Ta juyo. Ta yi ta kallon bakina, sa'an nan ta miƙo ɗan yatsanta ta taɓa tawadar, ta duba yatsan, ta yi dariya. 'Yar ƙaramar dariya ce, ba ƙarfi a cikinta, amma rabon gidan da jin irinta tun Inna na da rai. Ta kurɓa. Na busa. Kawu ya kama garwarsa. Ba mu tsaya ba sai da ludayi ya kankari gindin ƙoƙo.

Mai ɗakina ta ce, "Kawu, ko za ka miƙa ta wurin Malam?"

Kawu ya ce ƙafarsa ta gaji, ya kuwa kafa mini ido. Na sa hannu na ɗauke ta. Ba ta fi nauyin kaza ba. Ta kwantar da kanta a wuyana, na fita da ita zaure a gaban baƙi, da bakina yadda yake. Sarkin Fawa ya dawo wurinsa, wannan karon bai yi dariya ba. Malam ya dafa kanta ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa.

Da na rako shi wurin jakinsa, na yi ƙarfin hali na ce, "Allah gafarta Malam, game da hukuncin nan."

Ya ce, "Hukuncin yana nan inda ka karanta shi. Babin lalura ma yana nan cikin littafin. Kai ne dai ka yi gaggawar rufe shi." Ya hau, ya gyara zama, ya dube ni sosai a karo na biyu. "Kuma ƙaro ya yi wa tawadarka yawa. Ka rage."

Na yi ta busa tulun nan safe da yamma har ta fara neman tuwo da bakinta, ta miƙe tana bin kaji a tsakar gida. Daga nan na wanke shi na mai da masa tawadarsa, ban ƙara busawa ba har yau. Na je na nemi gafarar Kawu, ya ce ya yafe, da sharaɗin garwa ta dawo daga bayan rumbu. Ta dawo. Sarkin Fawa kuwa ya kai labarin kasuwar Batsari, ya kai ta Safana, na yi shekaru in na ratsa ta wurin mahauta sai in ji wani ya ce, cikin ladabi, "Allah gafarta Malam, yaya bijimin?" In ce yana gaishe su.

Darasin da na fita da shi ƙarami ne. Tun daga ranar, duk sa'ad da aka kawo mini ƙarar wani, ko aka nemi in faɗi hukuncin abin da wani ya aikata, nakan fara shafa bakina in duba yatsuna kafin in ce uffan. Ɗalibaina sun ɗauka alamar zurfin tunani ce. Wasunsu yanzu manyan malamai ne, kuma na ga suna yi.